Ku Ce Masa Likita Ne Ya Zo

Laraba, 3 ga wata, da hantsi

Yau ban buɗe ɗakin baya ba. Ni na ga damar barinsa a rufe, babu wanda ya sa ni. Sista, nas ɗin da ke aiki da ni, ta zo da farar rigarta a leda, ta tsaya bakin kantar magani tana kallona kamar mai jiran bayani. Na ce ta je gida ta huta, zan neme ta. Kemis dai a buɗe yake, mai son maganin tari ya zo ya saya.

Abin da ya faru jiya ya riga ya faru. Matar Tela maƙwabcina tana babban asibiti. Ni na ɗauke ta a motata, ni na kai ta, kuma ban ɓata lokaci ba. Ya kamata masu faɗin sauran su riƙa haɗawa da wannan. Allurar nan da na yi mata, babu gidan da ban yi wa wani ita ba a unguwar nan, ba a taɓa ganin haka ba.

Shagon Tela a rufe.

Laraba, da yamma

Auta bai kira ba. Ya ji, na san ya ji. Ministan Lafiya guda, a kwantar da matar maƙwabcin yayansa a asibitin gwamnati, a ce labari bai kai masa ba?

Alhamis, 4 ga wata, bayan la'asar

Tunda babu wanda zan zauna da shi a benci, bari in rubuta yadda abin yake, kada wata rana a juya shi.

Sakandare kawai na yi, ita ma da ƙyar na ƙarasa, don mahaifinmu ya rasu ina ajin ƙarshe, Auta yana rarrafe. Da shara na fara a kemis ɗin wani mutum. A nan na koyi karanta rubutun likitoci, wanda su kansu wani lokaci sai sun tambaye ni me suka rubuta. Na koyi allura, na koyi ɗinki, na koyi neman jijiya a hannun jariri. Da na buɗe nawa, duk unguwar nan babu asibiti sai an tsallake gada. Mutane suka fara ce min Likita. Ban sa wa kaina ba, ban rubuta a allo ba. Har mahaifiyarmu Likita take ce min, ta rasu ban ji ta canja ba.

Da wannan kantar na yi wa Auta makaranta tun daga firamare har jami'a. Ranar da ya dawo da takardarsa unguwa ta rikice, likita biyu a gida ɗaya. Su da kansu suka raba mana: ni Likita, shi Dokta. Muka gyara ɗakin baya, gado biyu, ƙarfen rataya ruwa, lasisinsa a firam a bango. Duk Asabar yana zuwa ya duba mutane kyauta, sauran ranaku ni da Sista muna bin abin da ya rubuta.

A bencin nan siyasa ta zo ta same shi. Da 'yan jam'iyya suka fara zarya, cewa ya yi, "Yaya, ni fa allura na iya, ban iya jawabi ba." Ni na tura shi. Na ce mutum nawa za ka duba a Asabar ɗaya? Je ka inda in ka sa hannu sau ɗaya magani zai kai kowane ƙauye. Ni na faɗi haka, da bakina.

Da aka rantsar da shi ya zo ya cire lasisin, wai minista ba ya riƙe asibitin kansa. Ya ce, "Yaya, a rufe ɗakin nan sai mun samu wani likita." Na ce to. Amma mutane ba su daina zuwa ba. Uwa ta zo da ɗanta jiki kamar garwashi, in ce mata firam ɗin bango ya tashi?

Juma'a, 5 ga wata, da azahar

Bai kira ba. Ni ma ba zan kira ba. Ba ni ne ƙarami ba.

Asabar, 6 ga wata, da safe

Ina jera kwalabe rediyo a kunne, sai ga wani ɗan adawa yana ta ɓaɓatu. Wai ministan da ya rantse zai rufe duk inda ake kwantar da marar lafiya babu likita, to ya fara da bayan kemis ɗin yayansa. Wai likitan bogi.

Bogi.

Ranar da Auta ya yi wannan alkawarin a talabijin har tafi na yi ni kaɗai a falo. Na san irinsu, masu allura a ƙarƙashin bishiya, masu sayar da maganin da ya sha rana. Ko a mafarki ban taɓa lissafa kaina cikinsu ba.

Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Likita, Dokta zai shigo yau?" Na ce yana da taro. Ta ce to ni in duba ta mana. Na ce hannuna yana ciwo.

Lahadi, 7 ga wata, da yamma

Na je babban asibiti. Ban je don wani ya gan ni ba, maƙwabtaka ce.

Na samu Tela a baranda zaune a ƙasa, takalmansa a gefe. Mutumin da kullum in ya rufe shago sai ya tsallako bencina mun buga kati, yana zolayata wai na fi iya allura da riƙe kati. Na yi masa sallama, ya amsa bai ɗago ba.

"Ya mai jikin?"

"Na'ura ke yi mata numfashi."

"Me suka ce?"

"Likitocin sun ce a jira." Ya ja kalmar nan, likitocin, kamar yana ja min kunne da ita.

Na ajiye masa ledar lemo. Ya ce, "An gode, mai kemis."

Tun da ya kama shagon nan yana saurayi bai taɓa ce min haka ba. Na tsaya kaɗan, na ga babu wurin zama, na tafi.

Talata, 9 ga wata, da magariba

'Yata ta kira daga garin mijinta. Har can labarin ya kai.

"Baba, ka kira Baba Ƙarami mana. Wataƙila shi ma nauyinka yake ji."

"Nauyina? Lambata ta canja ne?"

"Ka ci abinci?"

Na ce na ci. Tun da uwarsu ta rasu wannan tambayar kowa ke min, kamar ita ce kawai ta rage. Gidan nan ya yi min girma. In na tari sai in ji tarin ya je ɗakin can ya dawo.

Laraba, 10 ga wata, da hantsi

Gobe zan je ma'aikatar. Ba roƙo zan je yi ba, ban taɓa roƙon kowa ba. Ofishin zan gani, tunda har yau ba a ce in zo in gani ba.

Alhamis, 11 ga wata, bayan la'asar

Na sa kayana masu kyau, na goge takalmi da kaina.

Ginin bene ne, ko'ina sanyin na'ura da ƙamshin maganin goge ƙasa. A hawa na sama na samu sakatariyarsa, wata yarinya mai gilashi, waya biyu a gabanta. Ta ce, "Wa za a ce?"

Na ce, "Ki ce masa Likita ne ya zo."

Me zan ce? A gidanmu in aka ce Likita ya zo, ko akuya ta san wa ake nufi. Ban yi tunanin komai ba, wallahi ban yi ba.

Sai ta miƙe zumbur. "Ayya, Likita, ai an fara! Ku kaɗai ake jira." Ta wuce gaba ƙwas ƙwas, ina biye. A raina har na ce, ashe yaron nan ya san zan zo, ashe ya bar saƙo.

Ta tura wata babbar ƙofa ta ce, "Ga likitan da ake jira."

Dogon teburi. Shugabannin asibitoci ne a jere, kowa da takardu da robar ruwa a gabansa. Can baya 'yan jarida da kyamarori. Taro ne a kan rufe asibitocin da babu likita, an rubuta a bango da manyan baƙaƙe. Wani ya ja min kujera. Wani dattijo mai furfura ya miƙo hannu da fara'a ya ce, "Sannu da zuwa, abokin aiki. Daga wane asibiti?"

Na buɗe baki.

Daga baya wani ɗan jarida ya ɗaga murya. "Ranka ya daɗe, wannan ba yayanka ba ne? Ashe har a ma'aikata Likita ake ce masa?"

Sai a lokacin na ga Auta, can a ƙarshen teburin. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya miƙe tsaye, ya yi wasu maganganu da ban riƙe ba, sannan ya ce, a gaban kyamara, da muryar da nake ji a talabijin: "Ba likita ba ne."

Ya zagayo ya riƙe min hannu, ya ce a hankali, "Yaya, ka jira ni a ofis."

Ban jira ba. Na sauko ta matakala, ban bi ta lif ba. Na daɗe a mota kafin in tuna inda ake sa makulli.

Juma'a, 12 ga wata, da safe

Ba likita ba ne.

Juma'a, da yamma

Ya kira sau da yawa. Na bar wayar a aljihun rigar jiya, tana ta kuka a jikin ƙusa.

Litinin, 15 ga wata, da azahar

Sista ta zo ɗaukar takalmanta na aiki. Ta samu wuri a wani asibiti tsallaken gada. Ban hana ta ba, tana da yara.

Ita ta gaya min an cire wa matar Tela na'ura, ta buɗe ido, har ta nemi ruwa. Na ce alhamdu lillahi. Da ta fita na shiga bayan kanta na zauna a kan kwali. Tela bai aiko min ba. Shagonsa da nawa, in na yi atishawa yana ce min sannu.

Hotona yana jarida, ina tsaye baki buɗe kusa da kujerar da aka ja min. Mai jaridar da yake kawo min kullum yau ya wuce ta ɗaya gefen titi.

Laraba, 17 ga wata, bayan la'asar

Matar Auta ta zo, ita ta tuƙo kanta, babu direba babu ɗan sanda. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ta saba, ta ƙi zama a kujera, ta zauna a bakin benci.

"Yaya, fushi kake da mu."

"Ni wa? Ina ni ina fushi da gwamnati."

"Ka ji abin da ya faɗa ran nan kuwa?"

"Duk ƙasa ta ji."

"Ƙarshen kawai ka ji. Cewa ya yi, wannan yayana ne, shi ya rene ni, shi ya koya min riƙe sirinji kafin wani farfesa ya gan ni. Shi suka yanke a labarai. Kai ma shi ka yanke."

Na ce ta sha ruwa.

Ta ce ba ruwa ya kawo ta ba. Na sama sun kira shi. An ba shi zaɓi: ko ya zo da kansa da 'yan jarida ya garƙame ɗakin baya, ko ya bar kujerar. Ya gaya mata ranar Litinin zai sauka. Wai ba zai iya sa kwaɗo a ƙofar ɗakin bayan kemis ɗin da ya ci ya sha ya yi karatu da shi ba.

"Ya sauka ya yi me?"

"Ya ce zai dawo nan, ya mayar da lasisinsa bango."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ya dawo nan? Nan? In yi shekaru ina tura mota kan tudu, ta kai sama, direba ya ce zai gangaro don ya ga na gaji?"

Ta ce, "Ni dai bai san na zo ba. Ba ya barci, Yaya. Maganin asibitocin ƙauye da ya yi ta faɗa a kai, sai wata mai zuwa za a fara rabawa. In ya tashi, wanda zai hau ka san shi."

Na san shi. Ko maganin ciwon kai ba zan ba shi ajiya ba.

Da ta tafi na buɗe ɗakin baya na zauna a kan gado. Da a ce ya dawo, Asabar za ta dawo. Benci zai cika, in riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, shi yana ciki yana cewa, "Yaya, zo ka ga wannan." Na zauna da wannan tunanin har hasken taga ya ja baya. Ba zan ce bai yi min daɗi ba.

Alhamis, 18 ga wata, da yamma

Da sassafe na biya kasuwa na sayi kwaɗo, babba, mai kyau. Na gwamnati na san irinsa, yaro ma zai buɗe da cokali.

Na je ofishin masu duba asibitoci. Ɗaki ne a bayan ma'aikata, fanka ɗaya, mutum uku suna karin kumallo. Da na faɗi ko ni wane ne, babbansu ya ajiye kofi.

"Yallaɓai, ai ba mu samu umarni daga sama ba."

"Dokar ta ce sai an jira sama?"

"A'a, amma ka san yadda abin yake. Gidan minista ne."

"Gidana ne. Minista a gidan gwamnati yake. Ku tashi."

"Motarmu babu mai."

"Tawa akwai."

Haka na kwaso su kamar masu zuwa ɗaurin aure. A hanya na kira gidan rediyon nan na ce su turo mai bakin nan nasu, ya zo ya ga bogi da idonsa.

Unguwa ta taru. Na fitar da gadajen da kaina, na ce a kai wa asibitin tsallaken gada. Babban nasu ya liƙa takardar rufewa a ƙofa, na riƙe masa gefe. Da aka zo kwaɗo ya miƙo hannu, na ce a'a. Ni na gina, ni zan rufe.

Ɗan rediyon ya turo min abin maganarsa. "Minista ne ya umarce ka?"

Na ce, "Minista ya faɗa min tun ranar da aka rantsar da shi. Doka ta hau kan kowa. Ka rubuta haka, kada ka yanke."

Tela yana tsaye a ƙofar shagonsa da tef a wuya. Bai tsallako ba. Bai kuma shige ciki ba.

Juma'a, 19 ga wata, da hantsi

Ya kira. Na ɗauka.

"Yaya."

"Ranka ya daɗe."

"Don girman Allah ka bar wannan." Sannan ya ce, "Me ya sa ba ka bari na zo ba?"

"Ka zo ka yi me? Sa kwaɗo ba ya buƙatar digiri."

Ya yi wata irin dariya, ta ƙare ba a dariya ba. Na ce ya share hancinsa, minista ne. Na ce maganar Litinin kada in sake jinta, in kuwa ya sauka kada ya biyo ta titin nan.

"Wa ya gaya maka?"

"Ina da rediyo."

"Gobe Asabar zan shigo, mu zauna. Ni kaɗai."

Sai na ji wani a bayansa yana cewa, yallaɓai, ana jira. Na ce ya je.

Asabar, 20 ga wata, da hantsi

Na share gaban kemis, na goge benci. Na sa an kawo lemo mai sanyi.

Asabar, da magariba

Direbansa ya zo da saƙon ban haƙuri. Amai da gudawa ya ɓarke a wasu ƙauyuka, tun asuba ya tafi. Na gan shi a talabijin cikin tanti, ya naɗe hannun riga yana neman jijiya a hannun wata yarinya, manyan jami'ai suna tsaye suna kallo. Ya samu a karo na farko. Babban yatsa a ƙasa, kamar yadda ake yi.

Can ne wurinsa. Ni na ce ya je.

Na ba direban lemon.

Litinin, 22 ga wata, da azahar

Bai sauka ba.

Talata, 23 ga wata, da yamma

Wajen hantsi kafintan bayan layi ya faɗo kemis, hannu naɗe da tsumma, jini har gwiwar hannu. Zarto ne. Na buɗe na duba. Yanka ne mai tsabta, bai taɓa jijiya ba. Irin ɗinkin da zan yi ina hira.

"Likita, taimake ni, ɗinke min!"

Akwai zare da allura a aljihun teburina, ban ba da su ba ran nan. Na san inda suke. Na ɗaure masa hannun da bandeji sosai, na ce ya ɗaga shi sama, ya shiga mota.

"Har tsallaken gada? Kai da kake nan?"

"Shiga mota, kana ɓata min tayil."

A babban asibiti aka sa shi a kan gado, aka ce in koma waje. Ganin zan fita ya ɗaga murya, "Likita! Kar ka tafi ka bar ni!" Mutum biyu masu farar riga suka waiwayo. Wata nas ƙarama, ba ta kai 'yata ba, ta dube su, ta dube ni.

"Baba, kai wane ne nasa?"

Na ce, "Maƙwabcinsa ne. Ni na kawo shi."

Ta ce to in zauna a benci. Na zauna tsakanin wata mai ciki da wani tsoho mai tari, har aka gama.

A mota ya nuna min hannun. Ɗinkin bai kai nawa kyau ba. Na tayar da mota.